Kunyar Ɗiyar Fari a Bobigny

Zuwa ga Ramatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma ina jin ki yanzu haka kina jan akwati a ƙasa kamar ba mu da maƙwabta a ƙarƙashinmu. Allah ya tsare ki a hanyar Lyon, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin abin da kike gani da wanda ba ki gani.

Kin ga na rubuta sunanki a sama. Na daɗe da biro a hannu kafin in yi. Ni likita ce, na rubuta sunayen mutanen da ban san iyakarsu ba, amma wannan sai da na tashi na sha ruwa na dawo.

Ranar Lahadi muna cin abinci Babanku ya tambaye ki ko za ki zo gida babbar Sallah. Kika ce ba ki sani ba. Da ya matsa, sai kika ajiye cokali kika ce, "Baba, c'est pas grave, ba komai. A Lyon aƙalla ba zan zauna ina jiran a kira ni ba. Maman ba ta taɓa faɗin sunana ba, ko sau guda. Bashir dai, Bashir, tun safe har yamma." Ba ki ɗaga murya ba. Da kin ɗaga da ya fi mini sauƙi, da na samu abin yin faɗa a kai. Na tashi na kwashe kwanuka kamar ban ji ba, alhali na ji har cikin ƙashina. Abin da ya hana ni sukuni shi ne za ki bar gidan nan da tabbacin cewa uwarki ba ta son ki, ko kuma tana ba ki ragowar abin da ƙanenki ya bari. Ba zan iya barin ki ki tafi da wannan ba. Baki ya gagare ni, shi ya sa na koma ga takarda.

Kin san kunyar ɗan fari, Babanku ya sha yi miki bayani. Amma sanin labari kika yi mata, ba ki ga gidan da ake yin ta ba. Ni ma ɗiyar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har Allah ya karɓi abinsa. "Ke" take cewa, in kuma da baƙi sai ta ce "waccan". Ba ta yabona, ba ta zaunar da ni kusa da ita gaban mutane. Duk da haka ban taɓa kwana da shakka ba, saboda gidanmu na Damagaram cike yake. Kakata ke goya ni, a kwanonta nake ci. Gwaggo Hawa ke yi mini kitso, tana yi tana raɗa mini, "Da kike zazzaɓi uwarki ba ta sa ko loma a baki ba, kada dai ki ce ni na faɗa miki." Uwa ɗaya ke kau da kai, mata biyar suna juyowa gare ki, kuma su ne ke fassara miki shirunta. Da na taho Faransa da ke kina shekara shida, sai na ɗauko rabona na al'adar, na baro nasu a can. Na ci gaba da kau da kai a hawa na shida, cikin gida mai ɗaki uku da babu kaka, babu gwaggo, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa ke juyowa gare ki ba.

Kina tuna ranar da na kai ki makaranta? Shugabar ta tambaye ni sunanki, kina tsaye kina riƙe da gefen zanena. Na kasa. Sai na tura mata fasfo. Baiwar Allah ta ɗauka ban jin Faransanci, ta shiga yi mini magana dalla-dalla tana nuni da hannu, ni da na yi shekara bakwai ina karatun likita da harshen. Na ba Babanku labari muka yi ta dariya. Sai yanzu nake tunanin yarinyar da ke tsaye a wurin, tana kallon uwarta ta gwammace a ɗauke ta jahila da ta faɗi sunanta.

Saboda haka ga shawarata ta farko. Duk abin da kika ɗauka daga gidan nan za ki Lyon da shi, ki duba ko ya zo da sauran kayansa. Akwai ɗabi'un da sai da jama'a suke kyau. In kika ga kina yin wani abu don kawai haka muke yi, kuma wani na kusa da ke yana shan wahalarsa, ki buɗe baki ki yi masa bayani tun da wuri.

Sai maganar littattafai. A Damagaram ni likita ce cikakkiya, ina duba ɗaki guda na marasa lafiya ni kaɗai. Da muka biyo Babanku nan, lokacin ya samu aikin ofis a kasuwar Rungis, sai aka ce takardata ba ta isa ba. Aka ɗauke ni aiki a matsayin ƙaramar likita, yaran da na girme su suna sa hannu a kan abin da na rubuta, har sai na ci jarrabawar da ake yi wa waɗanda suka yi karatu a waje. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Na sayo manyan littattafan nan da kika sani, na cututtukan ciki, na yara, ƙamus na magunguna, kowane ya isa a yi matashin kai da shi. Na jibge su a kan teburin madafa, na rufe ƙofa. Na faɗi jarrabawar sau biyu. Kowace faɗuwa tana ƙara mini zafin kai, ƙofar kuma tana ƙara daɗewa a rufe.

Bashir jariri ne lokacin, shi yana shiga, don yana da kuka kuma ba ni da kunyarsa. Ke kuwa mai haƙuri ce. Ina ganin inuwar ƙafafunki ta ƙarƙashin ƙofa, ki tsaya, ki tsaya, sannan ki tafi. Nakan ce a raina, bari in gama wannan babi. Wallahi ban san adadin babin da na fifita a kanki ba. Na ci jarrabawar daga baya, alhamdu lillahi, kuma ba na raina ta, da ita muka tsaya da ƙafafunmu. Amma littattafan an sake buga su, rabin abin da na haddace an canza shi, ke kuma ba ki sake zama 'yar shekara takwas ba.

Ke ma yanzu za ki shiga irin wannan rayuwa. Na ga ƙamus ɗinki na Latin, ya fi nawa ƙiba. Ki yi karatu da gaske, ban haife ki don wasa ba. Amma in aka ƙwanƙwasa miki ƙofa, ki sa yatsa a shafin ki ce a shigo. Ki ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini, ba burodi da cuku a tsaye ba. Kuma in kika faɗi wata jarrabawa, ki faɗa wa mutane kin faɗi. Ni na ɓoye tawa har ga Babanku na wani lokaci, kuma a kanku na huce.

Wadda ta buɗe miki ƙofa a shekarun nan kin san ta fiye da ni. Madam Odil, maƙwabciyarmu ta ƙofar da ke kallon tamu, tsohuwar malamar Latin da ta yi ritaya. 'Yar ɗariƙar Mormon ce, ba ta shan kofi, ba ta shan shayi, balle giya, har Babanku yana tsokana wai ta fi wasu alhazai kamun kai. Na bar ki kina zuwa wurinta don ya yi mini daidai. Ina jin dariyarki ta bango, ina jin tana kiran ki, "Ramatu, Ramatu," da irin lafazinsu, sai in ƙara sunkuyawa kan littafi. Kishi ne, yau na faɗe shi da sunansa. Daga baya ne na gane yadda Latin ɗin ya fara. In na tafi asibiti sai ki buɗe littattafaina, ki kwafi sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, ki kai mata ta gaya miki ma'anarsu.

Kina shekara goma sha ɗaya kika zo kina tambayata sunan mahaifin Inna, da na kakan Babanku, da garin da aka haife su. Na ce wa ya aike ki. Kika ce Madam Odil ce ta ce ya kamata mutum ya san sunayen mutanensa, ita ta bi nata har cikin tsofaffin takardun coci da aka rubuta da Latin. Dama ina ganin wasu samari biyu masu fararen riguna suna zuwa gaishe ta, hankalina bai kwanta ba. Washegari daga asibiti na zarce ɗakin karatu na gari, na ɗauko wani babban littafi mai bayanin addinai, na nemo Mormon. Na karanta cewa suna tattara sunayen kakanni, kuma suna yi wa matattu baftisma, mai rai ya tsaya a madadin wanda ya mutu. Na hango mahaifina, mutumin da ya yi limanci a unguwarmu har ƙarfinsa ya ƙare, ana kai sunansa wani wuri. Ban ƙarasa shafin ba na rufe.

Kin san abin da ya biyo baya, don kina tsaye a bayana. Na buga mata ƙofa na ce kada ta sake yi miki magana, kada ta sake tambayar sunan kowa nawa. Ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu. Na ja ki muka shige. Kin yi kwanaki ba ki ci abincin kirki ba, ni kuwa ina ganin na yi jihadi.

Ki fahimce ni da kyau. Ban yi nadamar tsare addininki ba, kuma gobe ma zan tsare. Abin da littafin ya faɗa ba ƙarya ba ne. Nadamata ita ce ni, wadda nake yi wa ɗalibai faɗa kullum cewa kada su yanke wa marar lafiya hukunci daga littafi sai sun zaunar da shi sun tambaye shi sun taɓa shi, na yanke wa matar da ta yi shekara biyar tana ba ki abincin rana hukunci daga rabin shafi. Taku uku ne tsakanin ƙofarmu da tata, amma na gwammace in shiga bas in je in tambayi takarda.

Amsar tambayar da ban yi ba na same ta ranar da za ta tashi, bayan shekara biyu, lokacin da ƙafafunta suka gaza ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon. Kina makaranta. Muka yi kiciɓis a matakala, babu hanyar kaucewa. Ta ce, "Dokta, ki ba ni minti ɗaya, ba zan ƙara ba. Matattuna nake yi wa abin da kika karanta. Naki naki ne, ban taɓa rubuta sunan ko ɗaya ba, kuma ba zan yi ba tare da izininku ba. Na tambaye ta ne don ta ce mini ba ta san kowa nata ba." Ta sa ɗanta ya miƙo mini ƙamus ɗin nan da yanzu kike ƙoƙarin cusawa a akwati. Ta ce, "Ki ba ta. Ki ce mata a duk shekarun da na yi ina koyarwa ban ga kai irin nata ba." Har ta fara sauka sai ta juyo ta ƙara, "Yarinyar nan tana zaton ba ki son ta. Na ce mata ba haka ba ne, amma ba daga bakina take son ji ba."

Ƙamus ɗin na ajiye miki a kan gado, kin gan shi. Saƙon ne ban isar ba. Yabon ɗiyar fari ne, harshena ya ƙi ɗaukarsa ko da na aro ne. Ga shi na isar yau, ya yi latti da shekara tara, ki yafe mini. Maganarta ta ƙarshe kuwa na ce a raina Baturiya ce, ina za ta san kunya. Ashe ita kaɗai ce a duk benen nan take yi mini aikin Gwaggo Hawa, ni kuma na kore ta.

In kin isa Lyon kin huta, ki je ki gaishe ta. Babanku ya samo lambar ɗanta, ya ce tana nan da ranta, idon ne ya yi rauni. Kada ki je hannu biyu, kuma kada ki kai shayi. Ki ce mata Dokta ta ce ta gode, ta kuma ce ta yi kuskure. A can za ki haɗu da mutane iri-iri, masu addini da marasa shi, a aji da wurin kwana. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da a lungun ɗakin karatu ne. Ki karanta abin da aka rubuta a kan mutane, amma kafin ki yanke hukunci ki je ki zauna ki tambaye su.

Saura maganar karatunki, wadda ta fi yi mini nauyi. Da kika ci bak, jarrabawar gama sakandare, da sakamako mai kyau na tura ki likitanci ba tare da na tambaye ki ba. Kika yi shekara guda kina ramewa, sannan kika ce Latin za ki yi, na zamanin da. Kin tuna abin da na ce? "Harshen matattu? Da wa za ki yi hira, da kaburbura?" Bashir ya yi dariya, ni ma na ji daɗin maganata. Ranar da kika gama digirinki na farko su Hajiya Mariya suka zo barka, suka tambaye ni me kike karanta, na ce, "Oho mata, wani abu ne da ba a samun aiki da shi." A Damagaram kowa zai gane cewa uwa ce ke ɓoye alfaharinta, wata ta karɓe zancen ta yabe ki har ki ji kunya. A falonmu babu wadda ta karɓe. Suka ce Allah ya kyauta, kika ajiye musu lemo kika shige ɗaki.

Makon jiya na nemi tsohon littafina na cututtuka masu zazzaɓi ban gan shi a kanta ba. Na same shi a kan teburin madafa tare da takardun binciken da za ki yi a Lyon. Na karanta, ban nemi izini ba, uwa ce ni. Sai na ga ashe a kan wani tsohon littafin magani za ki yi aiki, wanda aka juya daga Larabci zuwa Latin shekaru aru-aru da suka wuce, babin zazzaɓin da yake tafiya ya dawo. Na ga kin bi layukan da na ja da fensir tun kina tsayawa a bayan ƙofa, kina gwada su da abin da mutanen da suka rubuta. A gefen wani shafi kin sa alamar tambaya har uku. Na zauna a kujerar na yi kuka, ni kaɗai, da rana tsaka.

Ramatu, zazzaɓin nan na san shi da tafin hannuna. Na yi damina bayan damina ina duba shi a Damagaram. Na san yadda yaro ke kaɗuwa har gado ya yi ƙara, na san warin zufar da ke zuwa in ya sauka, na san ranar da uwa za ta ce ya warke alhali gobe zai dawo. Abin da kika sa wa alamar tambaya zan iya amsa miki shi ina tuƙa tuwo. Muna gida ɗaya, amma kika je kika tambayi fensirina, don shi ne abin da na bar miki a buɗe. Ba laifinki ba ne. Ina roƙon ki, in kin kai wannan babi ki kira ni. Ki karanto mini Latin ɗin ki fassara, ni kuma in gaya miki ko mutumin ya taɓa ganin marar lafiya ko kwafa kawai ya yi. Ban sani ba ko za a samu aiki da karatun nan, har yanzu ina da fargaba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na karanta shafukan nan, kuma ina alfahari da ke. Ina son ki tun ranar da aka miƙo mini ke na kau da kai saboda surukata tana ɗakin.

Ban ce ki zo Sallah dole ba. In kin zo, gidanku ne. In karatu ya riƙe ki, na fahimta, ni ce ƙarshen wadda za ta yi ƙorafi a kan wannan.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki sauka a sa'a. Allah ya buɗe miki abin da ya rufu a cikin littattafan nan, ya ba ki malamai masu tausayi da maƙwabta irin wadda muka samu ba mu san darajarta ba. Allah ya tsare miki imaninki da mutuncinki da lafiyarki, ya yi miki albarka duniya da lahira. Na yafe miki duk abin da kika yi mini da wanda kike zaton kin yi.

Na musanya aikina na ranar Asabar da wata abokiyar aiki, zan zo tashar jirgin ƙasa in raka ki. Tun ranar Litinin nake gwada kiran sunanki a ofis in marar lafiya ya fita kafin wani ya shigo, kuma har yanzu muryar tana maƙalewa a tsakiya. Ban yi alkawarin zai fita da kyau ba. Tashar tana da hayaniya, ga mutane, ga lasifika. In kin kama hanyar shiga jirgi kika ji wata mata a bayanki tana kiran Ramatu da muryar da ba ki taɓa jin sunan a cikinta ba, don Allah ki waiwayo. Ni ce.

Wassalam,
Mahaifiyarki.